Kusurwar da Dikoda Ta Yanke

Shekarun baya, lokacin da garejina bai wuce rumfar kwano ɗaya da benci ba, a bakin hanyar da ke fita Ibeto daga Kontagora, na tafka wata wauta da har gobe idan na tuna sai kunya ta rufe ni. Ni bakaniken babur ne. Amma a wancan lokacin ban tsaya a babur ba, duk abin da aka ɗaure da noti gani nake aikina ne. Fanka, rediyo, injin markaɗe, har agogon bangon masallacin unguwarmu na taɓa kwancewa, kuma tun daga ranar bai sake motsi ba. A gida Injiniya ake ce mini, ni kuma na ɗauka da gaske ake yi.

Yayata kurma ce. Ba haka aka haife ta ba. Sanƙarau ne ya kama ta tana 'yar shekara bakwai, ni ina goye a bayan mahaifiyata, ya tafi da jinta, maganar ma ta bi baya a hankali. An kai ta makarantar kurame a Minna ta yi 'yan shekaru, a can ta koyi maganar hannu irin ta makaranta, kafin mahaifinmu ya rasu a dawo da ita gida. Karatun takarda bai zauna mata sosai ba. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo ɗakin da ke kusa da na mahaifiyata tana ɗinkin hula. Mu kuwa a gida babu wanda ya koyi maganar tata. Muna da tamu da muka ƙirƙira: ci, sha, zo, tafi, an yi baƙo, ruwa ya ƙare. Da wannan muka rayu, kuma wallahi a ganinmu hira muke yi da ita.

Ni na kafa dish a gidan, irin wanda ake kallo kyauta, don labarai da 'yar ƙwallo. Talabijin ɗinmu tsohuwa ce mai ƙatuwar ƙeya, gilashinta tsawo da faɗi kusan ɗaya. Wani azumi ina ta danna rimot sai Yaya ta riƙe mini hannu. Wata tasha ce ke nuna tafsiri bayan la'asar, a kusurwar ƙasa ta dama kuma akwai wani mutum cikin baƙar riga yana fassara maganar malamin da hannu. Ni na sha wuce tashar, ban taɓa lura da shi ba. Daga ranar, ana sallame la'asar za ta ja tabarma har gindin talabijin ta zauna, ko ƙuda ba ta korewa. Mahaifiyata ta ɗauke mata damun kunun buɗa-baki, ta ce a bar ta, tunda take a duniya sai yanzu aka yi mata wa'azi.

Kun dai san yadda tafsirin azumi yake. Inda malam ya rufe bana, daga nan zai buɗe baɗi. To a shekara ta uku, malamin ya rufe a tsakiyar ƙissar Annabin nan da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, daidai inda yake kurkuku, sarki kuma ya yi mafarkin da ya gagari kowa. Ranar rufewar Yaya ta juyo gare ni, ta haɗe wuyan hannuwanta kamar an ɗaure ta, ta raba su, ta ɗaga gira. Wato ya fita? Na gyaɗa kai. Ta sake tambaya, da alamun da ban gane rabinsu ba, amma na san tana nufin ta yaya, kuma ina mahaifinsa. Na ɗaga hannuwana biyu, na rasa me zan yi da su. Labarin da ɗan makarantar allo ya sani, na kasa ba ta. Sai na nuna mata talabijin, na yi alamar sai baɗi.

Haka ta yi ta jira. A tsakiyar shekara ma wani lokaci sai ta haɗe wuyan hannu ta ƙirga mini watanni da yatsa, mu yi dariya.

Cikin Sha'aban, saura kamar sati uku azumi, na kunna tashar sai na ga baƙi ƙirin. Murya tana fita tar, hoto babu. Ashe sun daɗe suna wuce da wani rubutu a ƙasan gilashi cewa za su koma sabon tsari mai hoto garau, wanda ake ce wa HD, babu wanda ya tsaya ya karanta a gidanmu. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo ta ce ai da sauƙi tunda ana ji, wa'azi ai kunne ne. Sai da ta faɗa ta tuna a gidan wa take, ta kama bakinta. Yaya ta dube ni. Na buga ƙirji, na ɗaga mata yatsa ɗaya, wato kwana ɗaya.

Kwana uku na yi a kan rufin kwano ina juya dish da sifana, rana tana gasa ni. Na juya gabas, na juya yamma, na ɗaga, na sauke. Abin da na samu kawai shi ne sauran tashoshin ma suka ɓace. Mahaifiyata tana tsakar gida tana cewa in sauko kafin in huda mata rufi, damina na tafe.

Ina da wani aboki mai gyaran talabijin a bayan tsohuwar kasuwa, tare muka yi firamare. Da ƙyar na haɗiye girman kai na je wurinsa. Sai da ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan ya zo ya mayar da dish inda yake cikin minti goma. Ya ce dish lafiyarsa ƙalau, dikoda ce ta tsufa, wato ɗan akwatin da ke tsakanin dish da talabijin.

"Injiniya, ka taɓa ɗaura notin babur ɗin Indiya a kan ƙusar na Cana?" in ji shi.

Na ce sai dai ya cinye zaren.

"To shi ne abin da kake yi kwana uku."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce wannan HD da nake ji ba abu ɗaya ba ne. Amurka da nata tsarin, Turai da nata, Japan da nata, Cana ma ta fito da nata, kowa so yake duniya ta sayi nasa. Mu na Turai muka bi. Shi ma na Turai ɗin akwai tsoho akwai sabo, sannan na eriya daban, na dish daban. Dikodata ta iya karanta muryar sabon tsarin, hoton ne ya fi ƙarfinta. Na ce yanzu duk iliminsu sun kasa zama su yarda da abu ɗaya? Ya ce ku bakanikai kun yarda da fulogi ɗaya ne? Ya ce in yi haƙuri, irin wadda nake buƙata ta ƙare a garin don kowa ya ruga saye, amma ya yi saƙo daga Kano.

Haƙuri ba halina ba ne, wannan kowa ya shaida. Akwai wani mai kawo mini babur da ƙaninsa ya aiko masa da wata shafaffiyar talabijin daga Amurka, tana jingine a ɗakinsa bai taɓa amfani da ita ba. Na ce to ai magana ta ƙare, idan HD ake nema ga uwar HD nan. Na aro ta, na rungume ta a bayan keke mai ƙafa uku kamar jaririya. Allah ya taimake ni na biya ta shagon abokina aron wayar wuta. Ya juya bayanta ya karanta, ya ce da na soka ta a bangon gidanmu da hayaƙi ne zai yi mini sallama, don wutar da take ci rabin tamu ce. Kuma ko an rage mata wutar, siginar Amurka take nema, tamu ko a mafarki ba ta san ta ba. Ya ƙara da cewa ya riga ya gaya mini ciwon a dikoda yake. Na mayar wa mai ita kayarsa, na ce masa ta yi wa ɗakinmu girma.

Ban daddara ba. Ranar kasuwa na ga wata dikoda a kwali, an rubuta HD da manyan haruffa ruwan zinariya. Na tambayi mai shagon ko tana kama HD, ya ce ga shi kuwa a rubuce. Bai yi ƙarya ba, ni ne ban iya tambaya ba. Da na je gida sai na ga ramin da ke bayanta ba shi da zaren da wayar dish za ta ɗauru. Wani mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa na ɗauko filaya na matse, na cusa, na naɗe da salatif. Ta yi bincike ta yi bincike, ko tasha ɗaya ba ta kawo ba. Ta eriya ce, kuma a lokacin siginar irinta ba ta ma iso yankinmu ba.

Ana cikin haka aka ga wata.

Ranar ɗaya ga azumi na mayar da tsohuwar dikoda don mahaifiyata ta ji buɗe tafsiri. Ana sallame la'asar Yaya ta jawo tabarmarta kamar kullum ta zauna gaban baƙin gilashi. Muryar malam ta cika ɗaki, ya ɗauko daga mafarkin sarki. Tana kallon fuskokinmu ta gane an fara. Sai ta miƙa tafin hannunta ta ɗora a jikin talabijin, wajen da murya ke fita, ta bar shi a nan tana jin girgizar. Ba ta yi kuka ba, ba ta harare ni ba. Ni ne na kasa zama, na tashi na fita. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai ranar, kuma daga nan abin ya tashi daga burga ya koma alkawari tsakanina da Allah cewa sai ta ga ƙarshen labarin nan.

Na addabi abokina, safe da rana ina shagonsa. Na bi direbobin Kano a tasha har suka gane ni daga nesa. Ranar uku ga azumi saƙo ya iso. Abokina ya ce in jira ya rufe shago mu je tare ya saita mini, na ce haba, waya biyu ce fa. Na ɗauka na yi gida a guje.

Na haɗa, na kunna, ta yi bincike, sai ga malam raɗau. Ban taɓa ganin hoto irin wannan a tsohuwar talabijin ɗin nan ba, har zaren rawaninsa kana gani. Mahaifiyata ta yi hamdala, ta sa mini albarka, maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar ɗaki na harɗe hannu ina jiran Yaya ta yaba.

Ta zauna, ta duba, ta matsa kusa. Sai ta nuna kusurwar ƙasa ta dama. Babu kowa a wurin, sai gefen darduma da ƙafar wani ɗalibi. Ta dube ni ta sake nunawa. Na ɗauka kalar ce ba ta yi mata ba, na ƙara haske, na rage. Ta girgiza kai da ƙarfi. Ta sa yatsa a bakin gilashin, daidai inda ya haɗu da roba, ta ja yatsan zuwa gefen akwatin, ta ƙwanƙwasa. Ta yi haka ya fi sau biyar. Abin da take gaya mini shi ne mutumin yana nan, ya shige gefe.

Allah ya yafe mini, a raina dariya na yi. Na ce ji Yaya, kamar tsoffin da ke zaton mutane a cikin akwatin suke zaune. Ko da na ga wani ɗan abu yana gilmawa a bakin gilashin jefi-jefi, na ce sigina ce ke rawa. Na yanke hukunci ni kaɗai cewa tashar ta sallami mai fassarar da ta koma sabon tsari. Na tsuguna gabanta na yi mata alamar babu, na yi alamar ya tafi, na kakkaɓe hannu. Da cikakken tabbaci na gaya mata, irin tabbacin da nake gaya wa mai babur cewa injinsa ya mutu.  Sannan ta naɗe tabarmarta ta fita.

Washegari ba ta shigo ba. Ta karɓi damun kununta daga hannun mahaifiyata ta koma madafa. Mu kuma muka ci gaba da zama kullum bayan la'asar muna kallon hoto garau, ina ta yi wa masu shigowa bayanin bambancin dikodar eriya da ta dish, kamar ni na ƙera su.

Ranar sha ɗaya ga azumi na kai wa abokina babur ɗinsa da na gyara. La'asar ta yi mini a can, muka yi salla, muka dawo shago. Akwai wata faffaɗar talabijin da ya gama gyarawa ya bar ta a kunne, a kan tashar tafsirin nan. Na ɗaga kai kawai. Ga malam a tsakiya, ga darduma, ga ɗalibin da ƙafarsa kaɗai nake gani a gida, ga shi nan gaba ɗayansa. A gefensa, a kusurwar ƙasa ta dama, ga mutumin nan cikin baƙar riga, hannuwansa suna ta aiki, yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kana gani.

 Na ce wa abokina yaushe aka dawo da wannan. Ya ce dawo da shi daga ina, ai kullum yana nan. Da na gaya masa abin da ke faruwa a gidanmu sai ya dafe kai. Ya ce sabon hoton mai faɗi ne, talabijin ɗinmu kuma ba ta da faɗin, don haka dikodar take yanke gefe da gefe don ta cika gilashi. Wuri ɗaya ake shiga a rimot a ce mata ta nuna duka. Ya ce da na bari ya biyo ni ranar, da shi zai fara dubawa.

"Kuma ita Yaya ba ta nuna maka ba?" ya tambaye ni.

Na ce ta nuna.

Ya ja ƙofar shago. Na goya shi a babur ɗin nasa, ban san na iya gudu haka da azumi a bakina ba. Dannawa uku ya yi. Hoton ya ja baya, baƙin layi ya fito sama da ƙasa, sai ga mai baƙar riga ya bayyana a kusurwarsa, ɗan ƙarami amma cikakke. Abin da yake gilmawa a bakin gilashi kwana takwas, gwiwar hannunsa ce.

Na je madafa na kamo hannun Yaya, da gari a jikinsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta gan shi. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba, ko da ido. Ta durƙusa a ƙasa ba tabarma ta kalla na ɗan lokaci, goshinta yana tattaruwa. Sai ta juyo ta haɗe wuyan hannuwanta ta ɗaga gira. Mahaifiyata ce ta amsa, ni ta gaya wa, a hankali. Ta ce malam ya kammala ƙissar shekaranjiya, ya shiga wata sura. Haka ne kuwa, ina zaune aka kammala. Mahaifiyata har hawaye ta yi wajen haɗuwar uban da ɗansa, Yaya tana bayan bango tana tankaɗe.

Malam kuma ba zai sake zagayowa wannan wurin ba sai bayan shekaru masu yawa, idan da rai. Na bi masu sayar da faifai a kasuwa kaf, akwai tafsirai iri-iri, amma ko murya ce zalla ko hoton malam shi kaɗai. Abokina ya nemi lambar tashar muka kira, aka ce ba sa maimaitawa. Na zauna a gareji da sifana a hannu na rasa abin da zan kwance. A nan na ce wa kaina, labarin nan dai na san shi, Yaya kuma tana gida. Tunda na yi alkawari sai ta ga ƙarshensa, to ni zan ba ta.

Akwai wani kafinta kurma a layin 'yan katako, mutumin wajen Rijau, Kirista ne, dattijo mai fara'a. Na san makarantar da Yaya ta yi shi ma ita ya yi, don sukan gaisa da hannu idan ya kawo mana kujera. Na same shi na rubuta masa buƙatata a jikin falanki da fensirinsa. Ya karanta, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya rubuta: shekara nawa kuna gida ɗaya? Na rubuta talatin da ɗaya. Ya girgiza kai, ya share mini wuri a kan benci.

Kullum bayan azahar sai in rufe gareji in tafi. Abin da ya sauƙaƙa mana, shi ma ya san ƙissar daga coci, ba sai na yi dogon rubutu ba. Ya koya mini sarki, mafarki, saniya, ramammiya, mai ƙiba, hatsi, yunwa, riga, makanta, yafiya. Akwai inda tasa ta saɓa da abin da malam ya faɗa, muka ɗan ja a jikin falanki, sai ya rubuta mini cewa taka za ka ba ta, ni hannu kawai nake koya maka. Yatsuna sun saba da ƙarfe, sun ƙi lanƙwasuwa. Yakan kama su ya murɗa kamar yana gyaran ƙafar kujera. Ya fi yi mini faɗa a kan fuska. Ya ce ina ba da labarin yunwa fuskata kamar ta mai jiran canji, a maganarsu rabin zance a fuska yake. Masu wucewa suna tsayawa kallon bakanike yana kumbura kumatu yana kwaikwayon saniya. Wasu abokan cinikina suka koma wani gareji don ba sa samuna da rana. Ban fasa ko rana ɗaya ba.

Na so in gama kafin ƙaramar salla, ina, ko rabi ban kai ba. Sai da muka ci kusan wata uku kafin dattijon ya sa na ba shi labarin daga farko har ƙarshe ba fensir, ya gyara mini wuri shida, sannan ya nuna mini hanyar gida.

Wata Juma'a ce bayan la'asar, saura kwana kaɗan babbar salla. Yaya tana inuwar ɗakinta tana ɗinkin hula. Na wanke hannu da omo har sau uku, baƙin man bai fita duka ba. Na shimfiɗa tabarma a gabanta na zauna. Na haɗe wuyan hannuwana. Ta ɗago. Sai na yi sarki, na yi mafarki, na yi shanu bakwai.

Allurar ta faɗi daga hannunta.

Na ci gaba, ina tuntuɓe ina tashi. Inda na karkace sai ta kamo yatsana ta gyara, ta yi mini alamar ci gaba, ci gaba, da sauri. Wajen saniya mai ƙiba ta yi dariya har da riƙe ciki, dariya mai sauti wadda na manta rabon da in ji daga bakinta. Da Annabin ya fita daga kurkuku ta tafa. Da 'yan'uwan suka zo awon hatsi ba su gane shi ba ta ciji leɓe, ta tambaye ni ko zai rama, kuma a karon farko a rayuwata na gane tambayarta duka, na ce mata ta jira. Mahaifiyata ta fito ta tsaya a kanmu, ta kalli wannan ta kalli wancan, ta ce to ku fassara mini mana. Babu wanda ya samu sararin amsa mata. Da na kai inda aka ɗora rigar a fuskar uban ganinsa ya dawo, hawaye yana zuba a fuskar Yaya amma ta ƙi sharewa, don kada hannunta ya tare mata kallo. Na yi alamar yafiya, na sauke hannuwana a cinya.

 Sannan ta kamo hannuwan nawa biyu, ta juya su ciki da baya tana dubawa, da tabon ƙuna da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ta sake su, ta yi mini magana da hannu a hankali, yadda ɗan koyo zai gane.

"Ashe kana da su. Ina ka ajiye su duk shekarun nan?"

Yanzu kusan kowane gida faffaɗar talabijin ce, mu ma mun daɗe da canjawa, yaran yanzu ba su ma san an yi rikicin wace dikoda ke kama wace tasha ba. Na rage taɓa abin da ba babur ba. Idan wani ya nuna mini abu da yatsa sau biyu, nakan tsaya in duba da kyau kafin in buɗe baki, ko da ina ganin na fi shi sani. Ni da Yaya muna hira kullum, hira ta gaske, har da gulma da faɗa, kuma ta fi ni surutu nesa ba kusa ba. Na ji labarin makarantarsu, na ji na mijinta, na ji abubuwan da ta gani a gidanmu tana shiru muna zaton ba ta gane ba. Duk tambayar da ta yi mini ina iya amsawa yanzu, ko da a karkace. Waccan ta ranar Juma'a ce dai har yau ban samu abin da zan ce mata ba.